Leshi a Jakar Haihuwa

Ni malamar makaranta ce, shekara 11 ina koyar da kimiyyar halittu a wata sakandaren 'yan mata a Kano. Na fara da wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Hoton mahaifa da mabiyiya da igiyar cibi na zana shi a allo ya fi sau hamsin, har da alli mai launi, ina nuna wa yara ta inda jariri ke samun abinci daga jinin uwarsa. Kuma haihuwa biyu na yi kafin wannan, duka da kaina. Ta fari na shiga asibiti da la'asar na sauka kafin isha'i, ta biyu kuwa saura ƙiris na haihu a cikin a-daidaita-sahu. Duka biyun washegari da hantsi aka sallame ni. Daga nan na ɗauki kaina gwanar haihuwa, kamar wata sana'a ce da na koya na ƙware, alhali Allah ne kawai ya sauƙaƙa mini.

Irin wannan gwanintar kuwa ba ta zama a ciki, sai ta leƙo ta baki. Shekara biyu kafin abin da zan ba ku labari, aka yi wa ƙanwata aiki a haihuwarta ta fari. Kwana da yini tana naƙuda, kan yaro ya ƙi saukowa. Ranar da muka je duba ta a asibiti, mata sun kewaye gadon, wata gwaggonmu ta yi tambayar nan da kowa ya sani: "Da kanta ta haihu, ko aiki aka yi?" Ba ni aka tambaya ba, amma na riga kowa. Na ce, "Ai ita 'yar hutu ce, Gwaggo. Matan yanzu ba sa son nishi." Aka kwashe da dariya. Ita ma ta ɗan murmusa, ta kai hannu ta dafe mararta. Na ɗauka dariya take dannewa, har na ji daɗin na iya barkwanci.

Cikina na uku yana wata biyar aka yi mini hoton ciki, aka ce mabiyiya ta yi ƙasa. Likitar ta ce kada in damu tukuna, yawanci idan mahaifa ta ƙara girma mabiyiyar takan ja sama da kanta. Wannan "yawanci" na ɗauke shi na ƙulle a bakin zani. A sati na 32 aka sake dubawa, tana nan. A sati na 34 aka ce ta rufe bakin mahaifa ruf, babu ta inda jariri zai bi.

Likitar yarinya ce, a ido ba za ta girmi ɗaliban da na fara yayewa ba, kuma wannan ma ya taimaka wa taurin kaina. Ta juya bayan katin awona ta zana mini hoton da na saba zana wa yara. Ta ce a ƙarshen ciki jinin da ke ratsa mahaifa a kowane minti ya kai cikin ledar fiya-wata guda, wani lokacin ya fi. Idan ƙasan mahaifa ya miƙe, ko bakinta ya fara buɗewa, mabiyiyar da ke kwance a wurin za ta ɓalle daga jikin bango, wannan jinin kuma waje zai nufa. Ta ce, "Hajiya, ki lissafa da kanki, minti nawa jikin mutum zai jure?" Sannan ta ba ni rana a sati na 37, ta ce in zo in kwana kafin ranar. Ta ce sati guda kafin nan in kawo mutum biyu su ba da jini a ajiye mini leda biyu. Ta ce ko ɗigon jini na gani in taho, kada in tsaya jiran ciwo, don shi wannan zubar jinin ba ya zuwa da ciwo, kuma kada in bari kowa ya sa mini hannu da sunan duba ko haihuwa ta kusa. Ta rufe da cewa in zo da maigidana su yi magana.

Na ce, "To, likita." Na san wannan "to" ɗin sarai. Shi ne wanda ɗalibaina ke ce mini idan na ba su aikin gida ranar Juma'a.

A bakin ƙofa sistar awo ta miƙo mini takarda ɗaya, an buga ta gaba da baya. Gaban kayan haihuwa ne na kowa da kowa. Bayan an rubuta ƙarin kayan masu aiki. Ta haɗa mini da wata 'yar takarda ta kai wa ɗakin gwajin jini. Na ninke su biyun na cusa a cikin katin awo.

Maigidana a Abuja yake aiki, sati bibbiyu yake zuwa. Da ya kira da daddare na ce masa, "Sun ce mabiyiya ta yi ƙasa, amma yawanci tana hawa. Za a sake dubawa." Ku duba maganar nan da kyau, babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, amma gaba ɗayanta ƙarya ce. Umma, mahaifiyata, kuwa ko wannan ban gaya mata ba. Daga nan sai na shiga yawon neman fatawa a wurin waɗanda na san abin da za su ce. A ɗakin malamai wata ta ba ni labarin 'yar kawunta da aka sa wa ranar aiki ta haihu da kanta a daren. Ban tambayi me ya sa aka ce za a yi mata aikin ba, don ba na son amsar. Maƙwabciyata ta kawo mini rubutu, na sha. Na dage da cin dabino. Ba na ɗora wa rubutu ko addu'a laifin komai, domin wadda ta kawo mini ba ta ce kada in kai jini asibiti ba. Ni ce na mai da addu'a labulen da zan ɓuya a bayansa.

Ranar wata Asabar na zauna haɗa jaka. Na jawo ƙaramar akwatin lefena, wadda na tafi da ita haihuwa biyun farko, mai ɗaukar kayan kwana ɗaya. Na buɗe takardar sista na bi gabanta layi-layi ina sa alama da jan biro, kamar ina makin jarrabawa: safar hannu, auduga, sifirit, man cibi, sabulu, famfas, audugar mata ƙunshi ɗaya. Da na zo ƙarshen shafi na juya bayan, idona ya sauka a kan "dogayen riguna masu faɗi, huɗu", sai na ji gabana ya faɗi, na yi maza na kife takardar. A raina na ce sayen waɗannan kayan kira wa kai ne. Malamar kimiyya ke nan, da camfin da ko kakata za ta yi wa dariya.

Wurin da ya rage a akwatin na cike shi da abin da zuciyata ke so. Na je Kantin Kwari na yanko leshi ruwan zuma na fitowa daga asibiti, na kai wa tela ya ɗinka mini riga da siket masu kama jiki, zif a baya, da awon jikin da nake hasashen zan koma washegarin haihuwa. Na sa ɗan kunne da sarƙa, humra, turaren wuta, farin shawul mai ado, da kayan jariri kala uku na 'yan wata uku, wai ni manyan 'ya'ya nake haifa. Na yi kitso, na zauna aka zana mini lalle har farce.

Lokacin kuwa Fabrairun 2023 ne, tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Wanda ya yi rayuwa a ƙasar nan a watannin ba sai an tuna masa ba. An sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin ba su wadata ba, tsofaffin kuma bayan ranar 10 ga wata mutane da yawa suka daina karɓa. Na yi wuni guda a layin banki da tsohon ciki na samo 'yan sababbin kuɗi. Kun san inda suka tafi? Cikon kuɗin tela, don ya rantse ba ya karɓar taransifa. Abin da ya rage a aljihun akwati tsofaffin dubu-dubu ne guda shida.

Don in yi wa kaina adalci, na yi niyyar zuwa ranar da aka ba ni. Amma a matsayin "sake dubawa" zan je, ina da yaƙinin hoton ƙarshe zai wanke ni, a ce mabiyiya ta hau, in kalli likitar in yi murmushin manya.

Saura kwana uku, daren Asabar wayewar Lahadi, wajen ƙarfe biyu, na farka na ji jiƙa a ƙarƙashina. Wallahi farin ciki na fara yi. Na ce ruwa ne ya fashe, naƙuda ta riga wuƙa. Na laluba waya na haska. Ja ne, jawur, zanin gado ya sha har katifa, kuma ko ɗan ciwon mara babu. Abin da yarinyar likitar nan ta faɗa, kalma da kalma.

Allah ya sa Abban yara yana gari. Ya buga wa maƙwabcinmu ƙofa, aka sa ni a bayan mota, shi ya rungumo akwati. A asibiti aka kwantar da ni ta gefen hagu, aka sa mini robar ƙarin ruwa a hannu biyu, aka saurari bugun zuciyar jariri, yana nan lafiya. Jinin ya ɗan lafa. Sistar dare, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta ce a miƙo mata jaka ta ɗauki auduga da tsohon zanin da za a shimfiɗa mini.

Ta ɗora akwatin a kan kujerar gefen gado ta zuge zif. Ina kwance ina kallo. Abin da ya fara fitowa leshi ne, a cikin ledar tela, da guga. Ta ɗaga shi ta duba, ta ajiye a hannun kujera. Sai kwalbar humra. Sai turaren wuta, wanda ƙamshinsa ya tashi ya cakuɗe da warin maganin asibiti. Sai akwatin ɗan kunne. Sai shawul. Tana fitarwa tana jerawa a hankali, ba ta ce komai ba, kamar mai baje kayan lefe a gaban dangi. Da ta kai ƙasa ta sami audugar mata ƙunshi ɗaya tak, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Hajiya, biki kika zo ko haihuwa?"

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne da za a riƙa bayarwa ranar suna. Sai ta buɗe katin awo, takardun nan biyu suka faɗo. Ta duba gaban ta farko, jan biro reras. Ta juya bayan, fari fat. Ta warware ƙaramar, ta ɗakin gwaji, tana nan da ninkinta na sati biyu da 'yan kwanaki, ko tambari babu. Ta miƙa wa likitan dare ba tare da ta yi magana ba. Ya karanta, ya karanta zanen da ke bayan katin, ya juya wurin maigidana ya ce, "Alhaji, an kawo jinin da aka ce?"

Ya ce, "Wane jini?"

Likitan ya ce, "Na aikin da za a yi mata ranar Laraba."

Ya ce, "Wane aiki?"

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ɗigar ruwan da ke shiga hannuna ma kamar ina jin ta. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na samu sauƙi. Juyowa kawai ya yi ya dube ni, sannan ya dubi leshin da ke rataye a hannun kujera, ya sake dubana. Mutumin nan da silifas ɗin banɗaki ya fito, rigarsa da jinina a gaba, kuma a cikin ɗakin nan kaf shi kaɗai ne bai san me ke faruwa da matarsa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni nawa a gaban baƙi aka buɗe shi, kuma da hannuna na shirya shi, na goge, na ninke, na sa a leda.

A wannan kwanciyar ne na ga akwatin yadda take. Har zuwa lokacin ina gaya wa kaina wai tawakkali nake yi, wai kyautata zato. Da na ga kayan a jere sai na gane ba mantuwa ba ce, ba kuma ƙarancin lokaci ba. Duk abin da ke ciki na zaɓe shi, duk abin da babu shi ma na zaɓi rashinsa. Na haɗa jakar wata mata ce daban, wadda za ta shigo da la'asar ta fita da hantsi cikin leshi, a tambaya a ce "da kanta". Matar da likita ta yi wa bayani, wadda za a yanka, wadda za ta kwana huɗu ko biyar ba ta iya sunkuyawa, ita ko kamfai ban saya mata ba. Da na tono dalilin har ƙasa, ban tarar da tsoron wuƙa ba, ban tarar da tsoron mutuwa ba. Gwaggo na tarar, da matan da suka yi dariya, da kalmar "'yar hutu". Na gwammace in yi caca da raina da na abin da ke cikina a kan in koma gaban matan nan in haɗiye magana ɗaya da na furta.

Umma ta iso wajen ƙarfe uku. Ni 'yar fari ce, tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunana ba, sai dai "ke" ko "wannan". A daren nan ta kira shi cikakke, sau biyu. Ba don tausayi ba.

Abin da ya biyo baya wasu ne suka biya. Gwajin jinina ya nuna ya yi ƙasa har zuwa 27, don maganin ƙarin jinin da aka ba ni wurin awo ma wasa nake da shi, wai yana hana ni bayan gida. Wurin ajiyar jini akwai leda ɗaya da ta dace da ni, suka yarda su bayar bisa sharaɗin a mayar, amma likita ya ce da irin wannan mabiyiyar yana son biyu a hannu matuƙar jinin ya ba mu lokaci. Maigidana ya shiga tashin mutane a waya. Ƙaninsa ya zo a kan babur cikin sanyin nan, ɗan maƙwabcinmu ya zo, da wani abokinsa. Jini kuwa ba ɗiba kawai ake a ɗura ba. Sai an duba rukuni, an gwada ko ya dace da na mai karɓa, an tantance babu ƙanjamau ko ciwon hanta a cikinsa. A cikin ukun aka mayar da ɗaya, aka ce an ga ciwon hanta a jininsa. Yaron nan a tsaye, a baranda, ƙarfe huɗun dare ya ji wannan labarin. Da na yi abin da aka ce, da rana tsaka zai ji shi, a zaune, da wanda zai yi masa bayani a natse. Wannan har yau yana damuna fiye da tabon da ke marata.

Sauran kayan da babu kuma aka fita nema a kantin magani na bakin titi. Tsofaffin dubu shidana aka ce a mayar. Aka tura kuɗi ta waya, suka fita daga asusu ba su isa ba, sabis ya tsaya cak. Maƙwabcinmu ne ya ajiye mukullin motarsa jingina aka ba da kayan.

Ana kiran assalatu aka tura ni tiyata. An cire mini zobe, an sa robar fitsari. Mai allurar barci ya kama yatsana zai maƙala abin awon numfashi, ya dubi farcen ya ce, "Wannan lallen ya hana mu ganin ko kin ɗashe." Aka zaunar da ni na rungumi filo na sunkuyar da kai, aka yi allurar kashin baya. Ƙafafuna suka ɗau ɗumi, suka yi nauyi, suka zama kamar na aro. An kare mini gani da ƙyalle, ba na jin zafi, sai dai jan da ake yi, kamar mai laluben abu a ƙasan buhu. Ba a yi minti goma ba na ji kuka. Mace ce, kilo 2.4. Sauran aikin ne ya ɗauki fiye da awa guda, domin ƙasan mahaifa inda mabiyiyar ta zauna ba ya tsukewa da ƙarfi kamar samanta, jinin sai an bi shi an tsayar. Leda biyun nan duka suka shiga jikina.

Kwana biyar na yi a ɗakin masu jego, kuma kowace rana akwatin nan sai ta sake ba ni kunya ta wata fuskar. Kayan 'yan wata uku suka haɗiye jaririyar, hula babu, ga ragowar hunturu, sai da sista ta kwantar mini da ita a ƙirji fata da fata ta lulluɓe mu. Na ɗauka wadda aka yi wa aiki ba ta jinin biƙi sosai, ashe yana nan yadda yake, ƙunshin audugata bai kai azahar ba. Kamfan da na zo da su robarsu a kan ɗinkin take sauka daidai, kamar an auna. Zani idan na ɗaura ƙullin ya danne wurin. Siket kuwa ba a ma maganarsa.

Gadon da ke kusa da nawa wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye a bayan gari, mai sayar da awara, ko firamare ba ta gama ba. Aikinta na uku ke nan. Jakarta Gana-mas-go ce da zif ɗinta ya mutu aka ɗaure da igiya, amma duk abin da na nema yana ciki: dogayen riguna masu buɗewa ta gaba don shayarwa, manyan kamfai masu hawa har cibiya, tsofaffin zannuwa masu laushi, fulas, bokiti da buta, tocila, silifas da ake zura ƙafa ba sai an sunkuya ba, robar zuƙar ruwa don sha a kwance, ɗan ƙaramin filo, da canjin naira hamsin-hamsin da ɗari-ɗari da ta ƙulle a leda, waɗanda canjin kuɗin bai shafa ba. Mutum biyunta sun ba da jini tun sati biyu kafin ranarta. Ta ce tun cikin yana wata shida take sayen abu ɗaya duk ranar kasuwa. Ta ara mini riga, ta raba audugarta biyu. Ba ta tambaye ni me ya sa na zo haka ba, ta dai ga leshin.

Ita ta koya mini tashi. Washegari aka cire robar fitsari, sista ta ce dole in taka, don kwanciya wuri ɗaya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Na yunƙura kai tsaye yadda na saba, na ji kamar an zuba mini garwashi a mara. Ta ce, "A'a Malama, ba haka ba. Juya gefe tukun. Sauko da ƙafafu. Yanzu tura da gwiwar hannu." Ta nuna mini yadda ake saƙale jariri a ƙarƙashin hammata a ba shi nono ba tare da ya hau ɗinki ba. Ita ce ma ta fassara mini tambayar da ake yi mana kowace safiya, "Kin fitar da iska?", ta ce alamar hanji ya farka ne, in daina jin kunya in riƙa faɗin gaskiya. Ban taɓa zaton zan yi addu'ar samun tusa ba.

A rana ta biyu ƙurar hunturu ta shaƙe ni, tari ya taho. Kafin ya fito ta jefo mini ɗan filonta ta ce, "Danne wurin!" Na danne, na yi tarin, hawaye ya zubo. Ina nan dafe da mara, na dubi hannuna, sai na gane shi. Wannan dafewar na taɓa ganinta, a wani gadon asibiti, shekara biyu baya. Ba dariya ƙanwata take dannewa ba. Na sa ɗaki ya yi dariya a kanta, ta tilasta wa kanta murmushi don kada ta ba yayarta kunya, murmushin ya ja mata ɗinki, ta riƙe shi da hannu. Kwana da yini na naƙuda, sannan wuƙa, sannan ni.

Daga baya, halin malamai, na je na duba alƙaluma. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan haihuwa 3 cikin 100 ne kawai ake yi ta hanyar aiki a Nijeriya, alhali tun a 1985 masana a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya suka ambaci 10 zuwa 15 cikin 100. Tazarar nan ba jarumta ba ce, a cikinta akwai matan da suka buƙaci aikin ba su samu ba. Wasu kuɗi ne ya hana su, wasu nisa. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, na kuma yi murna. Amma ni ina da kuɗin, asibiti na kusa, ilimin ma ina da shi har ina sayarwa. Abin da ya kusa kashe ni a bakin gadon mai jego ake ƙera shi, kuma ina cikin maƙeran.

Ƙanwata ta zo tun ranar farko. Ba ta zo da turmin atamfa ba, da jakar da ta yi nata jinyar da ita ta zo: rigunanta huɗu, hulunan ɗanta na jarirai, kamfai sababbi a leda. Ita ta kwana da ni sauran dararen, a kan tabarma, tana miƙo mini jaririya duk sanda ta yi kuka. Ita ta tare Umma da ta fara zancen ganyen darbejiya da tafasasshen ruwa, ta ce sista ta ce ɗinki a bar shi a bushe, a tsabtace, kada a ɗaure ciki tamau, kada in ɗaga abin da ya fi jaririyar nauyi har sati shida. A dare na uku na tattaro ƙarfin hali na ce mata, "Maganar nan da na yi ranar da aka yi miki aiki, ki yafe mini." Ta ce, "Wace magana, Yaya? Ni na manta." Ta gyara mini filo ta koma ta kwanta.

Maigidana sai da muka kwana huɗu ya tayar da zancen, a taƙaice. Ya ce, "Da kin mutu, da me zan ce wa Umma? In ce ban sani ba?" Ban da amsa, bai kuma jira ta ba.

Ranar sallama na mayar wa mai awara rigarta, na sa ta ƙanwata, wata shuɗiya da ta koɗe a kafaɗa. Leshin ya koma ƙasan akwati da gugarsa. Abban yara ya yi gaba da kaya, Umma ta rungumi jaririya a cikin farin shawul, wanda shi kaɗai ya yi amfani a duk adon da na ɗauko. Akwai 'yan matakala uku a bakin ƙofar fita. Na ga mota na manta kaina, na ɗaga ƙafa zan sauka da saurin da na saba. Ƙanwata ta riƙo damtsena, ta matso da bakinta kusa da kunnena yadda Umma ba za ta ji ba.

Ta ce, "Taka a hankali, Yaya. Mu 'yan hutu ba ma sauri."